Makka, Mahaɗar Al'umma

Sau biyar kowace rana mutanen Kankiya da na Kusada suna juya fuskarsu gabas su yi salla. Tun yaro yana ƙarami ake nuna masa alƙibla, har ya saba, ko cikin duhu aka tashe shi ya san inda zai fuskanta. Amma ba kowane yaro ne ya taɓa tambaya ba, shin in mutum ya miƙe ya bi gabas ɗin nan bai tsaya ba, ina zai kai?

To, in ya miƙe yana ɗan karkatawa arewa, zai ratsa ƙasar Nijar, ya shiga Cadi, ya wuce Sudan, har ya iske wani teku da ake kira Bahar Maliya. A bakin tekun nan Afirka ta ƙare. Hayinsa kuwa wata nahiya ce dabam, sunanta Asiya, wadda ta fi kowace nahiya girma, kuma fiye da rabin mutanen duniya a cikinta suke zaune. Mutane da yawa in an ce Asiya sai hankalinsu ya tafi ƙasar Sin ko Indiya, sun manta ƙasar Larabawa ma cikinta take. Saboda haka duk alhajin da aka gani a Kankiya, ko da bai taɓa shiga aji an koya masa labarin ƙasa ba, ya taka Asiya da ƙafarsa. Tsakanin Kankiya da Makka kimanin kilomita 3,500 ne. Rana takan riga fitowa can, agogonsu yana gaba da na Nijeriya da awa 2. Watau sa'ad da ake kiran azahar a Makka, a Kusada hantsi ne, yara suna cikin aji.

Birnin Makka yana ƙasar Saudiyya, kimanin kilomita 70 daga Jidda, wadda ke bakin teku. A cikin kwari yake, duwatsu sun kewaye shi. Ba kogi, ba fadama, ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, zafi kuwa da bazara ba a magana. In manomin Kusada ya tsaya ya duba hagu da dama, ba zai ga kan gero ko ɗaya ba, balle kunyar gyaɗa. Sai ya yi mamaki, ya ce, me mutanen nan suke ci? Ga shi kuwa mazauna garin sun fi miliyan 2, ban da baƙi, kuma babu irin abincin da ba a samu a kasuwanninsa. Inabi da rumman sukan zo daga Ɗa'ifa, wani gari mai sanyi a bisa duwatsu gabas da Makka. Shinkafa da shayi da tumaki kuwa jiragen ruwa suke kawo yawancinsu Jidda daga ƙasashe masu nisa.

Abin da ya tara mutane a wannan busasshen kwari shi ne Ɗakin Ka'aba, wanda Annabi Ibrahim da ɗansa Annabi Isma'ila, amincin Allah ya tabbata a gare su, suka ɗaga gininsa. Kusa da shi akwai rijiyar Zamzam, wadda har yau ba ta ƙafe ba. A garin nan aka haifi Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga nan kuma ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622. An wajabta wa kowane Musulmi mai iko ya ziyarci Ɗakin sau ɗaya a rayuwarsa. Tun daga zamanin nan babu wata ƙasa da Musulunci ya shiga wadda mutanenta ba su nemi hanyar Makka ba.

Mutanen ƙasar Katsina sun daɗe da sanin hanyar. A da can ta hamada ake bi tare da ayarin raƙuma, ta Agadas, a ɓulla Masar. Akwai wani malami Bakatsine mai suna Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda Larabawa suke kira Al-Kashinawi, gwanin lissafi da ilmin taurari. Ya tafi hajji wajen shekarar 1730, daga baya ya zauna a Alƙahira yana rubuta littattafai, can ya rasu a 1741, bai sake ganin ganuwar Katsina ba.

Daga baya hanyar gabas ta fi karɓuwa. Mutum zai tashi da jakinsa, ko da ƙafarsa kawai, ya bi ta Kano, ya shiga Barno, ya kewaye Tafkin Cadi, ya ratsa Wadai da Darfur, ya ƙetare kogin Nilu, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Can zai nemi jirgin ruwa ya ƙetare da shi. Ba tafiyar wata ɗaya ba ce, ba ta wata biyu ba. In guzuri ya ƙare sai a yada zango, a yi ƙodago. Wani ya yi noma, wani ya yi ga-ruwa, wani ɗinki, wani wanzanci, mata su yi kitso ko su soya ƙosai, har a tara abin da zai kai zango na gaba. Da yawa sun yi aikin auduga a gonakin Jazira na ƙasar Sudan, waɗanda aka buɗe a 1925. Ta haka tafiya takan ci shekaru. Yaron da aka goya aka fita da shi yakan isa Makka da ƙafarsa, wani ma a hanya aka haife shi. Shi ya sa mai niyya a zamanin nan ba ya tashi sai ya biya bashinsa, ya yi wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara, gama ba shi da tabbacin komowa. Mutanen gari kuwa sukan raka shi har bayan gari suna kuka.

Da yawa ba su komo ba. Wasu ajali ya same su a hanya. Wasu kuma suka ga wuri ya karɓe su, suka yi zamansu. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan. Har yau sunan garin Mai Wurno, kuma ana jin Hausa da Fillanci a cikinsa.

A shekarar 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi wata hanya sabuwa. Ya tafi Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, daga can ya wuce Jidda. A lokacin nan Sharif Husaini ne yake mulkin Makka, gama sai a 1924 garin ya shiga hannun Sarki Abdul'aziz na gidan Sa'ud. Sarki Dikko ya yi hajjinsa, ya komo Katsina cikin shekarar nan. Mutane suka yi ta mamaki, a ce mutum ya nufi gabas ta hanyar kudu da arewa, ya kuma riga wanda ya miƙe sak! A shekarun 1950 kuma jiragen sama suka fara kwasar alhazai da yawa daga Kano, hanyar ƙasa ta yi ta raguwa.

Yau maniyyacin Kusada ba ya bukatar jaki. Zai biya kuɗin kujera ga hukumar alhazai, a yi masa bita, watau a koya masa yadda ake aikin hajji, a yi masa allurar rigakafi, a ba shi fasfo da jaka da yadin da zai ɗinka irin na sauran 'yan ƙasarsa. Ran tafiya mota za ta fito da shi Kankiya, ta hau babbar hanyar da ta taso daga Kano, cikin kimanin awa guda ga shi a Katsina, a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa. Daga nan zuwa ƙasa mai tsarki kimanin awa 5 ne. Tafiyar da kakansa zai yi shekaru yana yi, shi tsakanin azahar da isha'i ya gama ta.

Amma saurin nan yana da abin da yake jawowa. Mai tafiyar ƙasa kafin ya isa ya riga ya zauna da kabilu iri iri, ya koyi Larabci a Sudan, ya saba da abincin da ba na gidansu ba. Mai jirgin sama kuwa da safe yana cikin 'yan'uwansa, da dare sai ya tsinci kansa a tsakiyar duniya, bai san kalma ko ɗaya ta harshen wanda ke kusa da shi ba.

Lalle kuwa duniya ce a taru. A shekarar 2019 mutum kusan miliyan biyu da rabi suka yi hajji. Kowace ƙasa akwai adadin kujerun da ake ba ta gwargwadon yawan Musulminta. A 2023 an ba Nijeriya kujera 95,000, aka ba Indunisiya 221,000, gama Musulmin tsibiran nan na kudu maso gabashin Asiya suna da yawa ƙwarai. In mutum ya zauna a ƙofar Masallacin Harami bayan la'asar, zai ga mutanen Indunisiya da Malesiya suna tafe a jere, kowa da ɗan ƙyalle mai launi ɗaya a wuya, shugabansu yana gaba da tuta. Zai ga mutanen Pakistan da Indiya da Bangaladash, da Turkawa, da mutanen Farisa, da na ƙasar Sin, da Turawan Bosniya, da 'yan Sanagal da manyan rigunansu. Wani fari, wani baƙi, wani ja, wani dogo, wani gajere. Kowa da irin hularsa, kowa da irin gaisuwarsa. Amma da an ta da iƙama, kafin a ce haka, duk sun zama sahu sahu, sun kewaye Ɗakin, ba mai gaya wa wani abin da zai yi. A nan alƙibla ba gabas kaɗai ba ce. Wani yamma yake duba, wani kudu, wani arewa, duk kuwa daidai suke.

Waɗannan baƙi ne, bayan 'yan makonni za su watse. To, su wane ne 'yan gari? In an bincika sai a tarar da yawansu su ma jikokin baƙi ne, waɗanda kakanninsu suka zo hajji suka ƙi komawa, ko suka kasa. Sunayen gidajensu su ne shaida. Wanda ake ce wa Buhari, asalinsa daga Buhara ne, can tsakiyar Asiya, a ƙasar da yanzu ake kira Uzbekistan. Wanda ake ce wa Jawi daga tsibirin Jawa na Indunisiya ne. Akwai Sindi, akwai Dahlawi daga birnin Delhi, akwai Hadarami daga kudancin ƙasar Larabawa. Akwai kuma Barnawi, da Fallata, da Hausawi. Waɗannan uku ba sai an fassara wa ɗan Kankiya su ba.

Hausawan Makka suna da yawa, kuma unguwannin da aka san su da su tun da daɗewa akwai Misfala da Shara Mansur. Akan kira su Takari, ko da yake ba duka suke son sunan ba. Asalin kalmar daga Takrur ne, wata tsohuwar daula ta bakin kogin Sanagal, wadda Larabawa suka riƙa kiran dukan mutanen Afirka ta Yamma da sunanta. Cikinsu akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan hukuma. Yara masu son ƙwallo za su so su ji cewa kyaftin ɗin 'yan wasan Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 sunansa Usama Hausawi, haifaffen Makka ne. Amma kada a ɗauka duk daɗi suke sha. Akwai waɗanda ba su da takardar zama, suna ƙananan sana'o'i cikin ɗar-ɗar, in an kama su a mai da su ƙasar da wasunsu ba su san kowa a cikinta ba. Wanda ya je hajji ya ɓuya don neman kuɗi, galibi irin wannan zaman yake saya wa kansa da 'ya'yansa.

Kowace al'umma da ta zauna ta kawo tukunyarta. Shinkafar da mutanen Makka suke yawan ci, mai karas da nama, sunanta Buhari. Faffaɗar gurasar da suke karya kumallo da ita tare da dafaffen wake, sunanta tamis, daga wajen Afganistan da maƙwabtanta ta zo. Sambusa kuwa, wadda yanzu har a Katsina ake soyawa, ta ratsa ƙasashe da yawa kafin ta iso. Akwai kuma wani nama da ake yanka shi fale-fale, a barbaɗe shi da garin gyaɗa da yaji, a gasa. Larabawan wurin suna kiransa siriya. Duk Bahaushen da ya ji ƙanshinsa, ya kuma ji sunan, ya san tsire ne ya yi hajji ya zauna.

Bukukuwan Makka su ne dai bukukuwan Kankiya, watau Ƙaramar Salla da Babbar Salla, amma yadda ake yin su ya bambanta.

Da azumi garin yakan cika da masu umra. In magariba ta kusa sai a shimfiɗa dogayen ledoji a harabar masallaci, a jera dabino da ruwan Zamzam da gahawa. Masu neman lada sukan tare baƙon da ba su taɓa gani ba, su kama hannunsa, su roƙe shi ya zauna a shimfiɗarsu. Sai ka ga Bahaushe da Baturke da mutumin Sin suna miƙa wa juna dabino, ba mai jin maganar wani. Da an sha ruwa, cikin ɗan lokaci kaɗan an naɗe ledojin, an share wurin, an ta da salla. Ran Ƙaramar Salla kuwa tun asuba masallaci yake cika, da rana ta ɗan ɗaga a yi Idi. Yara suna sanye da sababbin tufafi, ana raba musu alewa. A gidaje akan ci wani abin zaƙi da ake kira dibyaza, wanda ake dafawa da busassun 'ya'yan itatuwa. Amma ba doki, ba tambari, ba algaita. Wanda ya saba ganin hakimai, har da na Kankiya da na Kusada, suna shiga Katsina da dawakansu don hawan salla, zai ga kamar da sauran abu. Hawan salla al'adar ƙasar Hausa ce, ba a san ta a can ba.

Babban taron shi ne na watan Zulhajji. Kafin alhaji ya shiga aikin sai ya tuɓe rigarsa da hularsa, ya ɗaura harami, watau farin ƙyalle biyu marasa ɗinki, ɗaya a gindi, ɗaya a kafaɗa. Mata kuwa suna sa tufafinsu na sutura. Daga nan ba a gane hakimi, ba a gane mai gadi. Gaskiya a wajen masauki da abinci akwai bambanci, gama mai kuɗi yakan sayi wuri mafi kusa da mafi sanyi, amma ƙyallen dai iri ɗaya ne, ranar da ke dukansu kuma ɗaya ce.

Ran 8 ga wata ake fita Mina, wani kwari a bayan gari da aka cika da fararen tantuna. Ran 9 a wuce filin Arfa, kimanin kilomita 20 daga Makka, a wuni ana addu'a har faɗuwar rana. Wannan tsayuwa ita ce ƙashin bayan hajji, wanda ya rasa ta ya rasa hajjin bana. Liman yakan yi huɗuba da Larabci a masallacin Namira, ana fassarawa nan take don waɗanda ba sa ji. A shekarar 2022 an fassara ta cikin harsuna 14, Hausa tana cikinsu. A ranar nan mutanen Kankiya suna azumi, ana ta cinikin raguna, mata suna gyaran gida. Alhaji kuwa ba ya azumin, domin ya sami ƙarfin addu'a.

Wani abin sha'awa shi ne, a ranar Arfa birnin Makka kansa yakan zama kamar an share. Baƙi sun fita, mazan gari da yawa sun bi su don yi musu hidima. Sai matan Makka su kwashi 'ya'yansu su tafi Masallacin Harami, su yi ɗawafi a sake, su sha ruwa can da magariba. Tsohuwar al'ada ce a wurinsu, gama a shekara duka da wuya su sami Ɗakin ba cunkoso kamar wannan rana.

Da rana ta faɗi sai alhazai su taso daga Arfa su kwana a Muzdalifa, a fili, bisa tabarma ko bisa ƙasa, su tsinci tsakuwa. Gari ya waye ran 10, ita ce Babbar Salla. A Kusada an yi wanka, an sa sababbin riguna, an tafi filin Idi, ana jiran liman ya yanka ragonsa. Alhaji kuwa ba ya sallar Idi, ba shi da sabuwar riga, haraminsa ya yi ƙura, ƙafarsa ta gaji. Zai koma Mina ya jefi Jamra da tsakuwa 7, abin da Hausawa suke kira jifan Shaiɗan, a yanka masa hadaya, ya yi aski, sa'an nan ya shiga Makka ya kewaya Ɗakin sau 7, ya yi tafiya tsakanin Safa da Marwa sau 7, wadda ta kai kimanin kilomita 3. Ran 11 da 12 ya sake jifa, tsakuwa 21 kowace rana. Yawancin alhazai ba sa ko ganin ragonsu. Kuɗi suke biya a yanka musu a manyan mahautai. A da nama yakan yi yawa har ya lalace, amma tun 1983 aka shirya yadda ake sanyaya shi a aika wa mabukata a ƙasashe da yawa.

Taro irin wannan ba ya rasa haɗari. Ran 24 ga Satumba 2015 an yi turmutsitsi a Mina, mutane masu yawa suka rasu, cikinsu har da 'yan Nijeriya fiye da 200. A 2024 zafin rana ya yi tsanani, mutum fiye da 1,300 suka rasu, yawancinsu waɗanda suka shiga ba da izini ba ne, ba su da tanti, ba su da mota. A 2020 kuwa, saboda annobar korona, ba wanda aka bari ya zo daga waje, ko kujera ɗaya Katsina ba ta samu ba. Shi ya sa malaman bita suke ta nanata wa maniyyata su riƙe lema, su yawaita shan ruwa, su fita jifa a lokacin da aka yanka wa ƙasarsu, kada kuma su rabu da katin shaidarsu.

Amfanin katin nan yakan bayyana a Mina, gama tantunan duk kamarsu ɗaya, hanyoyin ma haka. A ce wani dattijo manomi daga Kusada ya fita jifa tare da abokansa, taro ya raba su. Ya juya, bai ga kowa ba. Ya bi nan, ya bi can, ko'ina fararen tantuna. Ya yi wa wani magana da Hausa, aka amsa masa da Urdu. Ya yi wa wani, aka girgiza kai. Rana ta take, ƙishirwa ta kama shi, sai ya zauna a gefen hanya. Wata tsohuwa 'yar Indunisiya ta gan shi, ta miƙa masa gorar ruwa, ta ɗaga lemarta bisa kansa. Ɗanta ya duba katin da ke wuyan dattijon, bai gane komai ba sai tutar Nijeriya. Ya kama hannunsa, ya kai shi wurin 'yan sikawut, watau samarin Saudiyya da aikinsu ke nan a kwanakin nan, mai da ɓatattu masaukinsu. Ɗaya daga cikin samarin ya karanta katin, ya dubi dattijon, sai ya ce masa da Hausa, "Sannu, Baba. Daga wane gari?"

Dattijo ya yi zuru, ya ce, "Yaro, kai ɗan ina ne?"

Saurayin ya ce, "Nan aka haife ni, Baba, nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo a ƙasa, ta Sudan."

Dattijo ya ce, "Ikon Allah! Ni daga Kusada nake, ƙasar Katsina."

Saurayin ya ce, "Ban taɓa zuwa ba, amma a gida tuwo muke ci. Taso, Baba, tantinku ba nisa."

Ya riƙe masa hannu har ƙofar tanti. Dattijo ya juya don ya gode wa matar nan da ɗanta, amma tuni sun shige cikin taro, bai san sunansu ba, bai kuwa san yadda ake godiya da harshensu ba.

In an gama aiki sai kasuwa. A gindin dogon benen nan mai agogo, wanda aka gama a 2012, mai tsawon mita 601, da kuma cikin lungunan Misfala, alhazai suna ta ciniki da yatsu da 'yan kalmomin Larabcin da suka tsinta. Masu kantuna da yawa sun koyi ƙirga kuɗi da Hausa, sukan tsaya a ƙofa suna kira, "Alhaji, zo, araha!" Wasu alhazan sukan sa haƙorin Makka na zinariya ko na azurfa, ko da yake ba ya cikin farilla, ba ya cikin sunna. Sa'an nan a yi ɗawafin ban kwana, a ɗaure kaya.

Ran da mota ta tsaya a ƙofar gida a Kusada, yara sukan ruga da gudu, mata suna guɗa, maƙwabta suna shigowa suna cewa, "Barka da sauka, Alhaji, Allah ya sa karɓaɓɓe ne." Sai a zuba wa kowa ɗan kurɓin Zamzam daga jarkar lita 5 da aka ba shi, a raba dabino, a kwance jaka. In yaro mai karatu ya juya tsarabar ya duba rubutun da ke bayanta, sau da yawa zai tarar dardumar daga Turkiyya take, carbin daga ƙasar Sin, turaren daga Indiya, dabinon ne na Madina.

Tambayoyi

1. A wace nahiya Makka take, wane teku kuma ya raba ta da Afirka?
2. Faɗi ƙasashen da mai tafiya hajji a ƙasa yake ratsawa kafin ya kai Sawakin.
3. Ta wace hanya Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi a 1921?
4. Me sunan Buhari da Jawi da Hausawi suke nunawa game da mutanen Makka?
5. Me alhaji yake yi ran 10 ga Zulhajji, me kuma mutanen garinku suke yi a ranar?
6. Nemi wani alhaji ko wata hajiya a unguwarku, ka tambaye su irin mutanen da suka zauna kusa da su a Mina, ka rubuta abin da suka gaya maka.